An Sauke, Amma An Girka Kuwa? Shiri Kan Manhajojin Kwamfuta

(Taken shiri)

  

Yau maganarmu a kan manhajar kwamfuta ce. Manhaja ita ce kayan aikin da ake saka wa kwamfuta don ta yi wani aiki: rubuta wasiƙa, lissafin ciniki, kallon bidiyo, haɗa sakamakon jarrabawa. Ba ta waya nake nufi ba. Ina nufin ta kwamfutar tebur da ta laftof.

Ga tambayarmu. Me ya sa mutum zai kashe datarsa ya sauko da manhaja daga intanet, sannan ya bar ta ko buɗewa bai yi ba? Kuma me mai manhajar zai yi don a girka ta, a ci moriyarta?

Shirin kashi biyar ne. Da farko, bambancin saukewa da girkawa da amfani. Na biyu, wuraren da mutane ke tsayawa. Na uku, dalilin tsoron da suke ji. Na huɗu, shawara ga masu rubuta manhaja. Na biyar, shawara gare ku masu amfani da ita. A gyara zama.

Kashi na farko: matakai uku ne, ba ɗaya ba.

Saukewa ita ce jawo fayil daga intanet zuwa kwamfutarka. Girkawa, wadda matasa ke ce wa instolin, ita ce buɗe wannan fayil ɗin don manhajar ta zauna daram a cikin kwamfuta. Amfani kuwa shi ne ka buɗe ta, ta yi maka aikin da ka nemo ta dominsa, gobe ma ka sake buɗewa.

Saukewa daban. Girkawa daban. Amfani daban.

Kamar mutumin da ya je Kantin Kwari ne ya yanko shadda yadi goma. Ya biya kuɗi, ya kai gida, ya jefa a akwati. Bai kai wa tela ba, balle a ɗinka, balle ya sa ya tafi Idi. Mai shago dai ya rubuta ciniki, amma shi mai shadda har yanzu tsohuwar rigarsa ce a jikinsa.

Adadin saukewa abu ne mai daɗin faɗa. A watan Yuni na 2008, masu burauzar Firefox, wato manhajar shiga intanet, sun ware rana guda suka roƙi jama'a su sauke sabon samfurinsu. Cikin awa 24 aka sauke shi sama da sau miliyan 8, har ya shiga kundin Guinness. Abin alfahari ne. Amma wannan adadi bai gaya mana mutum nawa ne suka girka ba, bai kuma gaya mana nawa ne suka ci gaba da amfani da ita bayan wata ɗaya ba. Saukewa kaɗai ya ƙirga.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Patrick McKenzie da ya zauna a Japan. A 2006 ya rubuta wata 'yar manhaja ta taimaka wa malaman makaranta haɗa katunan wasan koyarwa. A 2009 ya fitar da irinta da ake aiki da ita kai tsaye a shafin intanet, ba sai an girka ba. Sai ya kwatanta su. Cikin mutum 1,000 da suka sauke ta gwaji a kwamfuta, kimanin 13 ne suka saya. Cikin 1,000 da suka gwada ta shafin intanet, kimanin 23 ne. Aiki iri ɗaya suke yi. Bambancin shi ne tsawon hanya. Ya lissafo matakai sama da goma da mai saukewa zai bi kafin ya kai ga biyan kuɗi, kuma a kowane mataki sai wasu sun zube.

Shi dai ya ce ya gama da manhajar girkawa. To mu fa? Mu inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, data kuma da kuɗi ake sayenta, manhajar da ke zaune cikin kwamfuta tana da babbar rana. Mai kemis da mai shagon kayan masarufi suna son su buga rasit ko da intanet ko babu. Don haka ba watsar da ita za mu yi ba. Hanyar za mu gajarta.

(Ɗan kiɗa)

Kashi na biyu: ina mutane ke tsayawa?

Mu ɗauki misali. Ga wani malami da aka ɗora wa aikin haɗa sakamakon jarrabawa a makarantarsu. Abokinsa ya turo masa adireshin wata manhaja, ya ce za ta rage masa wahala. Bayan sallar isha'i ya buɗe laftof, ya jona ta da wayarsa, ya shiga shafin.

Ga maɓallai uku, duk kore, duk an rubuta a sauke. Biyu talla ne, ɗaya ne na gaske. Ya yi sa'a ya danna na gasken. Wannan tsayawa ta farko ke nan, ya tsallake.

Fayil ya fara saukowa. Ya kai rabi, sabis ya yanke. Ya sake dannawa. Ya sake yankewa. A karo na uku ya kammala. Yanzu ina fayil ɗin yake? A da, burauzar Chrome tana nuna shi a ƙasan allo. Daga 2023 aka mayar da alamar sama, gefen dama, 'yar ƙaramar kibiya. Malam ya duba ƙasa bai ga komai ba. Da ƙyar ya gano jakar da ake tara abubuwan da aka sauke. Ya tarar da fayil uku masu suna kusan ɗaya, ɗaya da lamba 1 a gabansa, ɗaya da lamba 2. Wanne ne cikakke? Tsayawa ta biyu ke nan.

Ya danna na ƙarshen. Sai wani shuɗin akwati ya rufe masa allo, da Turanci, wai Windows ta kare kwamfutarsa daga manhajar da ba a sani ba. Maɓalli ɗaya ne a fili, shi ma cewa yake kada a buɗe. Hanyar ci gaba tana ɓoye a bayan wani ƙaramin rubutu mai cewa a nemi ƙarin bayani. Wannan mai gadi sunansa SmartScreen, yana cikin Windows tun daga Windows 8 a 2012. Aikinsa shi ne ya tare fayil ɗin da bai saba gani ba. Malam ya yi shiru. Laftof ɗin nan na makaranta ne. In ya lalace, wa zai biya? Tsayawa ta uku.

A ce ya yi ƙarfin hali ya wuce. Allo ya dusashe, wani akwatin ya sake fitowa yana tambaya ko ya yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a kwamfutarsa, ga kuma rubutu cewa ba a san wanda ya wallafa ta ba. Ya yarda. Sai tambayoyi suka biyo baya. A wace jaka za a ajiye? Cikakkiyar girkawa ko ta zaɓi? Ga doguwar yarjejeniya da ba wanda ke karantawa. Can sai ta ce tana buƙatar wani ƙarin fayil daga intanet. Datar Malam ta ƙare, cajin laftof ya yi ja, kuma an ɗauke wuta. Tsayawa ta huɗu.

Washegari ya lallaba ya gama. Ya buɗe manhajar. Abin da ya fara gani shi ne a kawo adireshin imel, a ƙirƙiri kalmar sirri, a je a tabbatar. Bayan nan sai farin allo fayau, ba suna, ba aji, ba alamar inda za a fara. Shugaban makaranta kuma yana jiran sakamako ranar Alhamis. Malam ya rufe, ya jawo tsohon littafinsa da kalkuleta. Tsayawa ta biyar, kuma ita ce mafi ciwo, domin an riga an sha duk wahalar.

Ku sake ji. Maɓallin da ba a gane ba. Fayil ɗin da ya ɓace. Gargaɗin da ya tsorata. Tambayoyin da suka yi yawa. Farin allon da ba ya magana. Wurare biyar. A shafin mai manhaja kuwa, an rubuta Malam ya sauke har sau uku, ana ta murna.

(Ɗan kiɗa)

Kashi na uku: tsoron nan yana da dalili.

Kada mai manhaja ya ce jahilci ne ke sa mutane gudu in sun ga gargaɗi. An cuce su ne a baya.

Shekaru da dama, mutum zai girka manhaja ɗaya, ya wayi gari da uku. Burauzarsa ta cika da sanduna na talla, shafin farko ya canja, kwamfuta ta yi nauyi. Dabarar ita ce a saka ɗan akwatin yarda, a yi masa maki tun kafin ka zo, kai kuma kana ta danna gaba, gaba, gaba. A 2015 an yi babbar hayaniya da shafin SourceForge, wanda ya shahara wajen ajiye manhajojin kyauta, saboda ya naɗe manhajar gyaran hoto ta GIMP da tallace-tallace ba da yardar masu ita ba. Sai da shafin ya canja hannu a 2016 sabbin masu shi suka daina wannan tsari.

A 2017 kuma aka ga wanda ya fi wannan. 'Yan kutse suka shiga kamfanin da ke yin CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta, suka cusa mugun abu a cikin fayil ɗin asali. Kimanin mutum miliyan 2.27 ne suka sauke shi, daga inda ya dace, da sa hannun kamfani a kansa.

Mu nan ma mun san namu. Wa bai taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa ba? Wa bai san manhajar da aka fasa, wadda ake ce maka sai ka kashe riga-kafin kwamfuta kafin ka girka ta ba?

Don haka mai sauraro da ke jin tsoro, tsoronka a kan hanya yake. Mai manhaja kuma, ka sani cewa amana ake nema a wurinka kafin komai. Mutumin nan mabuɗin kwamfutarsa zai miƙa maka, da hotunan iyalinsa da lissafin kasuwancinsa a ciki.

(Ɗan kiɗa)

Kashi na huɗu: gare ku masu rubuta manhaja.

Na san kuna saurare, matasan Kano da Kaduna, da Zariya da Jos, da Maraɗi da Damagaram, masu rubuta manhajar makaranta, ta asibiti, ta lissafin shago. Ga shawarwari shida.

Ta ɗaya, maɓalli guda. Shafinka ya gane irin kwamfutar da mutum ya zo da ita, ya ba shi fayil ɗin da ya dace. Kada ka tambaye shi ko tasa mai bit 32 ce ko mai 64, yawanci bai sani ba. Ka rubuta nauyin fayil ɗin a gefe, don ya san datar da zai kashe. Shafin kuma ya zama marar nauyi. A 2010 masu Firefox sun rage wa shafinsu na saukewa daƙiƙa 2.2 wajen buɗewa, sai masu saukewa suka ƙaru da kashi 15 cikin 100. Daƙiƙa biyu kacal.

Ta biyu, kada ka sallami mutum da zarar ya danna. Nan take ka nuna masa hotuna uku: ga inda fayil yake, ga abin da za ka danna, ga abin da za ka gani. In gargaɗi zai fito, ka faɗa masa tun kafin ya fito, da harshen da yake ji. Gargaɗin da aka sanar da kai zuwansa ba ya firgita ka kamar wanda ya faɗo maka ba zato. Kuma ka riƙa duba hotunan nan, don burauza tana canja kama.

Ta uku, ka sa wa manhajarka hannu. Akwai takardar shaida ta lantarki da ake saya, wadda ke sa sunanka ya fito a maimakon a ce ba a san mai ita ba. Da ita Windows ke tara maka suna a hankali, har gargaɗin ya ragu. A kwamfutocin Apple, mai gadin sunansa Gatekeeper, shi ma tun 2012, kuma rajistar masu manhaja a wurinsu dala 99 ce a shekara. Kuɗi ne, babu shakka. Amma ka auna shi da mutanen da kake rasawa a bakin ƙofa. Akwai kuma hanyar saka manhaja a Microsoft Store, inda mutum ke danna maɓalli ɗaya a sauke a girka lokaci guda.

Ta huɗu, ka rage tambayoyi. Duk tambayar da kai ka san amsarta, kada ka yi wa mutum ita. Ka haɗa duk abin da manhajar ke buƙata a fayil ɗaya. Manyan kamfanoni suna son ɗan ƙaramin fayil da zai jawo sauran daga intanet yayin girkawa. Inda sabis ke da ƙarfi, wannan dabara ce mai kyau. A wurinmu ka tanadi cikakken fayil, wanda za a sa a filash, a girka a kwamfuta goma ba tare da an sake kashe data ba. Firefox ma tana ba da irin biyun.

Ta biyar, kuma ita ce uwa: minti biyar na farko. Da an gama girkawa, manhajar ta buɗe da kanta. Kada ta tari mutum da neman imel. Kada ta tare shi da farin allo. In ta makaranta ce, ya tarar da ajin misali, da sunayen misali, da maki, ya danna ya ga takardar sakamako ta fito tsaf. In ta shago ce, ya buga rasit na gwaji a minti biyu. Ya fara ganin amfani tukuna, rajista ta biyo baya.

Ku dubi VLC, mai alamar mazubin hanya ruwan lemo, wadda kusan duk mai laftof ya sani. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniya a Faransa, École Centrale Paris, a 1996, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001. A farkon 2025 masu ita suka ce an sauke ta sama da sau biliyan 6. Me ya sa ba ta kwantai a kwamfutocin mutane? Ba ta da nauyi sosai. Ba ta neman rajista. Ba ta talla, kuma shugaban ƙungiyar da ke kula da ita, Jean-Baptiste Kempf, ya sha faɗa cewa an yi masa tayin maƙudan kuɗi don a saka, ya ƙi. Sannan ta zo da duk abin da take buƙata a cikinta. Ka jefa mata bidiyon da ya ƙi buɗewa a wani wuri, ta buɗe shi. Mutum ya zo da matsala, cikin daƙiƙa goma matsalar ta kau.

Ta shida, ka ƙirga abin da ya dace. Da izinin masu amfani, ka san mutum nawa suka sauke, nawa suka gama girkawa, nawa suka yi aikin farko, nawa suka dawo bayan mako guda. Inda adadin ya faɗi da yawa, nan gyara yake. Ka kuma bar lambar da za a same ka, da gajeren bidiyo na Hausa da za a iya turawa ta WhatsApp. Da yawa ba za su karanta jagora mai shafi 40 ba, amma za su saurari bayani na minti biyu.

(Ɗan kiɗa)

Kashi na biyar, na ƙarshe: gare ku masu amfani.

Malam, Hajiya, ɗalibi, mai shago, ga naku.

Ku sauke daga shafin masu manhajar na asali, ko daga Microsoft Store. Ku kula da sakamakon farko a wurin bincike, sau da yawa talla ne.

Kafin ku sauke, ku duba ko kwamfutarku za ta ɗauka. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun watan Janairu na 2020, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sabbin manhajoji da yawa ba sa hawa tsohuwar Windows. Gara ku sani kafin data ta tafi.

In kun rasa inda fayil ya shiga, ku danna maɓallin Ctrl tare da harafin J a cikin burauza. Jerin abin da kuka sauke zai fito. Na sake faɗa: Ctrl da J.

In fayil ɗin a ƙunshe ya zo, wato irin wanda ake kira zif, ku warware shi tukuna kafin ku buɗe abin da ke ciki.

Lokacin girkawa, kada hannu ya riga ido. Ku karanta kowane allo. Duk akwatin da ke tallata wata manhaja daban, ku cire makin.

In gargaɗi ya fito, ku tambayi kanku abu biyu. Daga ina na samo wannan? Na san mai shi? In amsa ba ta gamsar ba, ku tsaya, ku tambayi wanda ya sani. Wanda kuma ya ce sai kun kashe riga-kafi, ku bar masa kayarsa.

Kuma ku girka a ranar da kuke da aikin da za ku yi da ita. Manhajar da aka sauke don wata rana, yawanci ranar ba ta zuwa.

To jama'a, mu tattara. Saukewa daban, girkawa daban, amfani daban. Mutane na zubewa ne a tsakanin waɗannan matakai, saboda ruɗewa, da tsoro, da gajiya. Maganin ruɗewa, gajeruwar hanya. Maganin tsoro, gaskiya da sa hannu. Maganin gajiya, a ga amfani da wuri.

Ga aikin gida. Mai amfani, yau ka buɗe jakar abubuwan da ka sauke. Wanda kake buƙata ka girka shi, wanda ba ka buƙata ka goge, ka samu fili. Mai manhaja kuma, a makon nan ka nemi mutum ɗaya da bai taɓa ganin manhajarka ba. Ka ba shi adireshin shafin, ka zauna gefensa da biro da takarda. Kada ka taɓa masa linzami, kada ka ce masa uffan. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, ka rubuta. Jerin da za ka tashi da shi, shi ne aikin da ke gabanka, kafin ka ƙara wa manhajar wani sabon abu.

Nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci.  

(Taken shiri)